Linzami Mai Ƙwallo: A Duba Hannu Kafin A Saya

Duk wadda ta bi babban titin nan da ya fito daga Kaduna ya nufi Abuja, in ta iso Gonin Gora ta dubi dama da hagu, ba ta rasa ganin 'yan shagunan buga takardu a tsakanin masu kayan miya da masu gyaran mota. In ta leƙa ciki kuwa, sau da yawa mace za ta tarar zaune gaban kwamfuta, tana buga wa wani takardar neman aiki, ko tana cika wa ɗan makaranta takardar shiga jarrabawa. Mu malaman makaranta ma abin ya iso mu, don makarantu da dama yanzu a kwamfuta su ke so a shigar da sakamakon yara in ƙarshen zango ya zo. Aiki ne mai tsabta, ba rana, ba hayaƙi. Amma ya zo da nasa ciwon. Sai ki ji mace tana cewa wuyan hannunta na dama yana zugi, ko kafaɗarta ta riƙe, har tuƙin tuwon dare ya zame mata aiki. Daga nan sai masu ba da shawara su taso, kowa da tasa, kuma cikin abin da su kan ce har da a sayi wani sabon irin linzami, mai ƙwallo, wanda ke tsaye. Shi ne na ke so mu duba yau, domin kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma ba kowace mace ya ke wa rana ba.

Linzami dai shi ne ɗan abin nan da a ke ɗora wa hannu a ja shi bisa tebur, 'yar kibiya ta riƙa yawo a fuskar kwamfuta. A kasuwa maus za ki ji ana ce masa, watau ɓera da Turanci, saboda igiyarsa ta yi kama da wutsiya. Wani Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart ne ya ƙago shi, shi da abokin aikinsa Bill English, a Kalifoniya. Na farkon, a 1964, guntun katako ne mai ƙananan wili biyu a ƙarƙashi, sai a watan Disamba na 1968 aka nuna wa jama'a shi a birnin San Faransisko. Abin da zai ba ki mamaki shi ne, mai ƙwallon nan da a ke kira sabon yayi ya girme shi. Tun 1946 wani masani mai suna Ralph Benjamin ya yi wa sojan ruwan Ingila irinsa, don bin sawun jiragen sama a na'urar hango jirage, aka ɓoye shi a kan asirin soja ne. A 1952 kuma injiniyoyin Kanada suka yi wa nasu sojan ruwan wani, da ƙwallon wani wasa nasu suka haɗa shi. Tsoho ne ya sake riga.

To, mene ne laifin linzamin da mu ka saba da shi? Ki gwada wannan yanzu da ki ke karatu. Ki saki hannunki ya sauka a gefenki, sa'an nan ki lanƙwasa gwiwar hannun kawai, kada ki juya kome. Za ki ga tafin yana kallon ciki, babban yatsa yana sama, kamar mai riƙe da taɓarya ko mai ɗauke da kofin shayi. Nan ne hannu ya ke hutawa. Yanzu ki kife tafin bisa tebur. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu akwai ƙasusuwa biyu dogaye. Sa'ad da hannu ke riƙon taɓarya, a jere su ke kwance, amma da zarar an kife tafi sai ɗaya ya hau kan ɗaya ya gitta shi, naman wurin kuma ya ɗaure don ya riƙe su haka. Na ɗan lokaci ba kome, ai haka mu ke yi wajen wanki da niƙa. Amma mai wanki tana motsi, tana miƙewa, tana sauya hannu. Mai linzami kuwa sai ta yi sa'a biyar ko shida hannu a kife wuri ɗaya, wuyan hannun ya ɗan tanƙware sama, gindinsa yana gugar bakin tebur, tana kaɗa shi dama da hagu sau ba adadi.

Saboda haka masu ƙira suka ta da linzamin tsaye, don hannu ya kama shi daga gefe. Da digiri su ke auna tsayuwar, abin da ke kwance sifiri ne, wanda ya miƙe sosai kamar bango 90. Kamfanin Logitech na ƙasar Suwizalan ya fitar da MX Ergo a 2017, mai ƙwallo ne, ana iya karkata shi digiri 20, watau ya ɗan jingina ne kawai. Kamfanin Kensington na Amurka yana da wani mai suna Pro Fit Ergo Vertical, shi ma mai ƙwallo, wanda ya tashi digiri 60. Wannan shi ne ainihin mai tsayen. Akwai kuma waɗansu na kamfanonin Sin masu rangwamen kuɗi da su ka bi wannan fasali.

Ƙwallon kuwa wani aiki dabam ya ke yi. Linzami mai ƙwallo ba a jan sa ko kaɗan. Inda aka ajiye shi nan ya ke zama, sai dai ki riƙa murza ƙwallon da yatsa, wani ɗan ido da ke cikin ramin yana karanta ɗigo-ɗigon da ke jikin ƙwallon, kibiya tana bi. Kafaɗa da gwiwar hannu sun huta ke nan. Ni a ganina amfaninsa mafi girma a gidajenmu shi ne wuri. Mu nawa ne ke da babban teburin ofis? Yawancinmu teburin da a ke cin abinci a kai, ko na keken ɗinki, ko ɗan benci, shi ne ofishin, ga kwamfuta, ga littattafan yara, ga kwanon wani. Mai ƙwallo faɗin tafin hannu kaɗai ya ke so. Yana aiki bisa tabarma, bisa hannun kujera, bisa teburin gilashi, har bisa cinya, don ba ruwansa da abin da ke ƙarƙashinsa.

Ya zuwa nan duk yabo ne, kuma mai sayarwa a nan zai tsaya. Amma aikin da aka ɗauke wa kafaɗa da wuyan hannu ba ɓacewa ya yi ba, wani aka ɗora wa. A mai tsayen nan, ƙwallon yana gefen babban yatsa ne, girmansa kamar lemun tsami, milimita 34, kuma babban yatsa shi kaɗai zai yi ta murza shi daga safe har yamma. To, ki tsaya ki yi tunani, a hannun matar aure wane yatsa ne ya fi babban yatsa shan wahala? Shi ke matse wanki. Shi ke ɓarar gyaɗa da gyaran kayan miya, shi ke riƙe almakashi, shi ke kitso. Shi ne kuma yanzu ke yini yana rubutu a wayar hannu. Uwa-uba ɗaukar jariri, yadda mu kan zura hannu biyu a hammatarsa, manyan yatsu a buɗe, mu ɗaga shi sama, sau nawa a yini?

Akwai wani ciwo da likitoci su ka sani sarai, wanda wani likitan fiɗa na Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana a 1895, har a ke kiran ciwon da sunansa. Jijiyoyi biyu ne masu jan babban yatsa, su na bi ta gefen wuyan hannu cikin wani ɗan kube. In kuben ya yi kauri ya matse su, sai zafi ya kama gindin babban yatsa, ya riƙa harbawa sama in an murɗa hannu ko an ɗauki abu. Mata ya fi kamawa, musamman masu jego da masu goyo, a dā ma Turawa ciwon masu wanki su ke ce masa. Ga yadda za ki ɗan gwada kanki. Ki kwantar da babban yatsa cikin tafi, ki dunƙule sauran yatsun a kansa, sa'an nan a hankali ki karkata hannun zuwa wajen ƙaramin yatsa. Ɗan ja kaɗan kowa na ji. Amma in ki ka ji zafi mai tsini a gefen wuyan hannu, wajen gindin babban yatsa, to, ki bar maganar linzami mai ƙwallon babban yatsa tukuna, ko da kyauta aka ba ki. In ba haka ba an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mai irin wannan hannu tana da mafita biyu. Akwai linzami mai tsaye wanda ba shi da ƙwallo, ja a ke yi kamar na kullum, sai dai hannu yana riƙon taɓarya. Logitech ya fitar da MX Vertical a 2018, mai digiri 57, a 2022 kuma ya biyo da ƙaraminsa mai suna Lift, don masu ƙananan hannu da matsakaita. Akwai kuma mai babban ƙwallo a tsakiya, kamar Expert Mouse na Kensington, wanda ƙwallonsa milimita 55 ne, ya kusa goruba, da manuniya da na tsakiya da mai bi masa a ke murza shi, aikin ya rabu ke nan tsakanin yatsu uku. Shi wannan a kwance ya ke, hannu a kife. Watau kowanne da abin da ya ke ba ki da abin da ya ke karɓa. Wadda kafaɗa ke damunta, ko teburinta ƙarami ne, ƙwallo ta ke bukata. Wadda murɗewar hannu ke damunta, tsayuwa ta ke bukata. Wadda ke da duka biyun, babban yatsanta kuma lafiya lau, ita ce aka yi mai tsaye mai ƙwallo dominta.

Sai dai kada wata ta ɗauka magani ta sayo. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa takwas da su ka yi kamar kwari, wata jijiya mai tauri ta rufe su daga sama, abin ya zama 'yar ƙofa. Ta wannan ƙofa jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu su ke wucewa, tare da wata jijiya guda mai kai ji ga babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin mai bi masa. In wurin ya kumbura ya danne ta, sai waɗannan yatsu su riƙa mutuwa, ko su yi kamar ana tsira musu allura, galibi da dare, har mace ta farka tana yarfe hannu. Ƙaramin yatsa kuwa ba ya shiga ciki, wannan ma alama ce. Shi ma wannan ciwo mata ya fi kamawa, kuma juna biyu da ciwon sukari da ƙiba su na cikin abin da ke jawo shi, ko mace ba ta taɓa kwamfuta ba tun da ta ke. Na masu juna biyu ya kan tafi da kansa bayan haihuwa. Linzami mai tsaye yana rage murɗewar hannu, wannan an auna an gani. Amma ba ya buɗe ƙofar da ta riga ta matse. Wadda yatsunta ke mutuwa da dare, ko kofi ke suɓuce mata, asibiti za ta nufa, ko Babban Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, wanda ya fi kusa da mu, ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari. Su na iya ba ta abin ɗaure wuyan hannu da dare, ko su tura ta wajen masu gashin ƙashi, ko allura, in ya yi tsanani kuma ɗan ƙaramin aiki. In aka yi ta jinkiri, naman gindin babban yatsa ya kan rame, ƙarfin riƙo ya ragu, kuma ba kullum ya ke dawowa duka ba. Ba kuwa yau aka fara ba. Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi kan cututtukan masu sana'a a 1700, da ya ƙara shi a 1713 har da magatakarda ya sa, waɗanda yawan riƙon alƙalami ya kashe wa hannu.

To, a ce kin duba, kin ga mai tsaye mai ƙwallo ne naki. Abu na fari kada ki yi cinikin biri a sama. Yawancin waɗannan abubuwa a kan ƙera su da girma, hannun mata da yawa kuwa ƙarami ne. Ki sa mai shago ya buɗe kwalin, ki ɗora hannu. Gindin tafinki ya zauna, yatsu biyu su kai ga madannan ba tare da kin miƙa su ba, kan babban yatsa kuma ya sauka a tsakiyar ƙwallon, ba a bakinsa ba. In sai kin yi miƙa kafin ki kai, ya fi ƙarfinki, ki ajiye. In ya ce ba a buɗewa sai an biya, ki yi masa sallama, shagunan kayan kwamfuta ba ɗaya ba ne a Kaduna, daga titin Ahmadu Bello har kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. In kuma ta intanet za ki sa a kawo miki, ki tabbatar tukuna za su karɓa in bai yi miki ba.

Bahaguwa kuma ta lura, kusan dukan masu ƙwallon babban yatsa na hannun dama ne. Kamfanin Elecom na Jafan yana yin na hagu, Lift ma yana da na hagu, mai babban ƙwallo a tsakiya kuwa kowane hannu ya ke bi. Na faɗi wannan ne don har gobe ina ganin 'yan mata a aji waɗanda aka tilasta wa barin hagu tun su na ƙanana, su na rubutu da dama da ƙyar kamar masu sassaƙa. Abin da aka yi musu da alƙalami bai kamata a sake yi musu da linzami ba.

Batun igiya da batir kuwa, mai igiya ya fi araha, ba ya neman kome, kuma tun da ba jan sa a ke yi ba igiyar ba ta damun kowa. Cikin marasa igiya, ni na fi son mai cin batir irin na tocila ƙarami, wanda ko a teburin mai shayi a ke samu, bisa ga wanda a ke yi wa caji, saboda halin wutarmu. Ba su da cin batir, guda ɗaya ya kan yi watanni. Maras igiya yana zuwa da wani ɗan mitsitsin abu da a ke cusawa a kafar USB ta kwamfuta, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, kuma yara su na son sa ƙwarai. In ya ɓace an shiga uku, sai fa in linzamin yana da Bluetooth, don haka mai hanya biyu ya fi kwanciyar rai. Wadda za ta sayi na hannu, ta nemi wannan ɗan abu tun a gaban mai sayarwa, a haɗa a gwada. Ta ciro ƙwallon ta duba, in yana da tabo ko karce kibiya za ta riƙa tsalle. Ta leƙa ramin, akwai 'yan duwatsu uku ƙanana kamar ƙwayar gero da ƙwallon ke zama a kansu, in ɗaya ya fita, ko ya cinye, ba ciniki.

Ran da ki ka kawo shi gida za ki ji haushinsa. Kibiya za ta wuce inda ki ke so, ki dawo da ita ta sake wucewa, kamar akuyar da ta tsinke. Kada ki fara da shi ran da aiki ya taru. Ki rage gudun kibiyar, ko ta ɗan madannin da ke jikinsa, ko ta wurin saita linzami a cikin kwamfuta, in hannu ya saba kya ƙara. Waɗansu kwana biyu-uku su ke ɗauka, waɗansu mako biyu. Abin da ya fi wuya shi ne danne madanni da yatsa ɗaya ana murza ƙwallo da wani, kamar in za a ja hoto ko a zaɓi dogon rubutu. A Windows akwai wani abu mai suna ClickLock, in kin kunna shi sai ki danna na ɗan lokaci ki saki, shi ya riƙe miki. Kada kuma ki damƙe linzamin kamar zai gudu, ɗora hannu kawai a ke yi. Sa'an nan mai buga takardu ta koyi aikin madannan rubutu, Ctrl da C na kwafa, Ctrl da V na liƙawa, Ctrl da S na adanawa, don duk abin da aka yi da su hannu bai je wajen linzami ba.

Zama ma da nasa. Ko linzamin zinariya ki ka saya, in tebur ya yi miki tsawo har kafaɗa ta ɗage, ciwo yana nan. Gwiwar hannu ta zauna kusa da haƙarƙari, hannun ya miƙe daidai da tebur, linzamin kuma dab da madannan rubutu, ba can nesa ba. In kujera ta yi ƙasa ki ɗora matashi, in ƙafa ta yi lilo ki sa mata 'yar kujerar tsugunno. Wannan ba ko kwabo, kuma da dama in sun yi shi sai su tarar tsohon linzamin ma ya ishe su. Kowane rabin sa'a ki tashi, ko ruwa ne ki sha, ki saki hannun.

Sai kuma ƙura. Mu da ke bakin babban titi mun san ta ko da damina, balle hunturu ya shigo daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Lokacin ne kuma mu ke shan man kaɗe da basilin don kaushi. Mai daga yatsa ya hau ƙwallo, ƙwallo ya kai shi ciki, ƙura ta same shi a can, sai su haɗu su zama dauɗa mai danƙo a kan 'yan duwatsun nan uku. Ƙwallon ya fara nauyi, ke kuma ki ƙara ƙarfi ba ki sani ba, babban yatsa ne ke biya. Gyaran ba wuya. A ƙarƙashi akwai rami, ki tura gindin fensir ƙwallon ya fito, ki share duwatsun da ɗan idon da tsumma mai laushi busasshe, ki goge ƙwallon ki mayar. Da hunturu kowane mako, sauran lokaci in kin ji ya fara ja. Kada a zuba masa man keke ko man gyaɗa. In an tashi aiki a rufe shi da ɗan ƙyalle, a kuma ɗauke shi daga inda yara ke kaiwa, don ƙwallo ne mai sheƙi, ja ko shuɗi, in ya faɗi bisa siminti sau ɗaya ya yi tabo ya gama aiki.

Ku kuma 'yan matana na makaranta, ga taku. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa kowa da kwamfuta ya ke rubutawa. A ɗakin jarrabawa linzami na kullum za ku tarar, ba mai ƙwallo ba, ba kuma za a bar ku ku shiga da naku ba. In a gida mai ƙwallo Mama ke da shi, ku nemi inda za ku gwada na kullum kafin ranar, kada hannu ya yi baƙunta ga shi lokaci yana tafiya. Ku kuma riƙe cewa ana iya amsa tambayoyin da madannan rubutu: A, B, C ko D don zaɓen amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa ta baya.